Ranar da Aka Saki Muryar Zali

Ku 'yan matan da kuka zo gidana a Konni kuna so in jera muku sunayen itatuwa ku ɗauka a waya, wannan rubutu naku ne. Ɗayarku, mai jan lalle har gwiwar hannu, ta leƙa turmina ta yi dariya ta ce, "Inna Hajo, ai wagga sana'a ba wuya, daka ce da ƙulli a leda." Ban tanka muku ba a ranar, don da na buɗe baki zagi ne zai fito, kuma iyayenku mutanen kirki ne. Yanzu na huce kaɗan. Kaɗan na ce.

Aikin farko da Gwaggo Kuluwa ta sa ni a Bazaga wanki ne. Yayar mahaifina ce, ita ce mai maganin mata a duk karkarar, kuma wurinta aka kai ni bayan aurena na fari ya mutu. Na zaci saiwa da sassaƙe za ta fara nuna mini. Sai ta turo mini ƙwarya da tsumman da wata mata ta yi ƙunzugu da shi, ta ce in duba kafin in zuba ruwa. Na kau da kai. Ta kama haɓata ta juyo da ni.

"Mi kinka gani?"

"Jini, Gwaggo."

"Ƙuda ma ya san jini ne. Wane iri?"

Ban sani ba. Ita ta koya mini cewa jinin al'ada duhu gare shi da kauri, yana da warinsa, yana zuwa da lokacinsa ya tafi da lokacinsa. Jinin ciwo kuwa, wanda malamai ke kira istihala, wanda ke dawowa tun mace ba ta gama murnar yin wanka ba, shi iri-iri ne. Akwai ja tsinkakke kamar na yankan kaza. Akwai mai gudaji kamar hanta. Akwai mai ruwa-ruwa kamar wanda aka wanke nama a ciki, kuma wannan Gwaggo ba ta taɓa ba shi magani ba, sai dai ta ce a nemo mota. Na daɗe ina wanki da kallo kafin ta bari in riƙe taɓarya.

Kayan aikina har yau nata ne. Ƙaramin turmin kirya da ba a taɓa daka barkono a ciki ba. Dagi na haƙar saiwa. 'Yar gatari ta ɗiban sassaƙe, kuma ba a zagaye itace da sara, gabas da yamma ake ɗiba a shafe wurin da laka don ya warke. Tukunyar ƙasa, domin bagaruwa da kalgo baƙi suke yi a ta ƙarfe. Duk waɗannan kuna iya sayensu gobe a kasuwa. Amma Gwaggo ba ta ba mace magani a ranar da ta fara zuwa. Bin ta gida take yi, ta zauna a madafinta, ta ga abin da take ci da abin da take ɗauka. Kuma ba ta shiga gidan mutane sai da ƙwaryar kuka a ka kamar mai talla, don kada maƙwabta su ce ga mai magani ta shiga wurin wance. Kukar nan ta fi turmin muhimmanci a wurinta. Har ta rasu akwai mazan Bazaga da suka ɗauka kuka ce sana'arta.

Na tuna wata mai tuyar ƙosai a tashar Malbaza, tun ina sabuwar hannu. Jini na zo mata sau biyu a wata, ja zur, ga jiri. Mijinta har ya yanka akuya don an ce masa sammu ne. Na zauna gefenta kamar mai jiran mota tun hantsi har azahar. Wuta na dukan mararta tun asuba, kununta na kanwa ne, yajinta citta da masoro da kimba, kuma da ta ji ciki ya murɗa sai ta jefa jar kanwa a baki ta tsotse. A wurinmu wannan shi ne zafi. Jiki ya ɗau zafi, jini ya tsinke, ya ƙi zama wurinsa. Na ba ta abin sha mai sanyayawa, amma babban maganin shi ne na raba ta da kanwar, na sa aka ɗaga mata murhu, ƙanwarta ta riƙa karɓarta a gindin kasko. Ku gaya mini, da murya ta turo mini a waya, ta ina zan ga murhun?

Wata kuma daga lambunan albasa take. Ta haihu, ba ta ko yi arba'in ba ta koma jan ruwa da ɗaukar buhu don ba mai taya mijinta. Gwaggo kan ce mahaifa kamar sabuwar tukunya ce bayan haihuwa, in ba ta bushe ba aka ɗora mata nauyi sai ta riƙa yoyo. Wannan ba zafi ba ne, wahala ce, kuma rabin aikin zama ne da uwar miji a lallashe ta ta bar yarinya ta kwanta. Akwai na sanyi, mai zuwa da ƙaiƙayi da ciwon baya da farin ruwa, wanda in ba a haɗa da mijin an yi magani ba banza ne. Akwai na ɓarin da bai fita duka ba, shi ma na likita ne, ba na tukunyata ba.

Akwai wanda Gwaggo ba ta sani ba, don bai zo a zamaninta ba. Wata matar jandarma, irin sojojin nan masu aikin 'yan sanda, ta zo mini da jini ɗis-ɗis da ba ya ƙarewa. Na tambaye ta komai, ta amsa komai, amma idonta na ƙasa. Na kama hannunta kamar ina yaba awarwaronta, na shafa sama zuwa damtse, sai na ji abin tazarar haihuwar nan da mata ke kira ashana. Ta fashe da kuka ta ce mai gidan bai sani ba. Na ce ni ma ban sani ba. Na raka ta wurin ma'aikaciyar gidan likita da ta sa mata, domin wanda ya sa shi ya san kansa. Mijin yana gaishe ni a hanya har aka yi masa canjin gari.

Ni kuma na ƙara ɗaya daga kaina, ko da tsofaffi za su yi mini dariya: tunani. Na ga amaryar da mijinta ya tafi bida, wato ci-rani, Libiya, in saƙonsa ya yi jinkiri sai jini ya ɓalle mata, in ta ji muryarsa sai ya ɗauke. Zuciyar da ke son mutum ba a ƙirji kaɗai take ba.

Iska kuwa, ban ce babu ba. Gwaggo ta yarda mace na iya tsallake abu a bakin juji da magariba, ko ta yar da tsummanta a inda bai kamata ba. Amma ita ce ta ƙarshe a bincikenta, sai ta duba komai ta rasa, kuma ko a nan wurin malam take turawa. Ku kuwa da ita kuke farawa. Kowace mace ta yi muku kukan jini sai ku ce namijin dare ne, aljani ya aure ta yana kishi da mijinta. Na san dalili. Labarin yana da daɗi, kuma ba ya bukatar a duba tsumma.

Muguwar shekarata ita ce wadda aka rufe iyaka. 'Yan matan da ke tsallakawa Illela su sayo atamfa da kwanuka suka rasa abin yi, sai suka koma sayar da maganin mata a waya. Kowace ta buɗe zauren mata a salula, ta sa hoton leda mai sheƙi, ta ce a kwana uku an warke. Ƙofata ta yi shiru. Wa zai zo wurin tsohuwar da za ta bi ki gida ta hana ki kanwa? Na jure wannan, sana'a takan yi sanyi. Abin da ban jure ba shi ne na Zali.

Na sauya sunanta, na sauya kasuwarta, kuma sai da ta yarda na rubuta. Mu ce a wani ƙauye take cikin fadamar Badaguishiri. Daudawar batso take yi, ta gurguzun yakuwa, wadda ake dafawa yini guda a daka da ruwan toka a rufe ta nuna. Doguwa ce baƙa mai wushirya, idanunta farare tas, in ta yi dariya sai ka ji kamar an yi ruwan fari. Amma abin da aka san ta da shi murya. In ta ɗaga ta ranar kasuwa tana kiran masu miya, har 'yan tasha sun san Zali ta iso. Mijinta Issufu mai amalanken jaki ne, shi ke kai ta ya dawo da ita. Ya taɓa ce mini muryar ya fara so kafin ya ga mai ita, ya bi ta rumfa-rumfa har ya same ta. Na karanta littattafan soyayya da yawa a rayuwata, ban ga saurayi mai mota da ya kai Issufu iya kallon mace ba.

Kun san al'adar masu daudawa, ko ba ku sani ba, don ku dunƙulen kanti kuka tashi da shi. Mace mai jini ba ta rufe daudawa. An ce in ta rufe ba ta nuna, ko ta nuna da mugun wari, kuma miyar da aka sa ta ba ta da albarka. Kowace mai daudawa tana hutawa kwanakinta, abokan cinikinta sun sani, suna jira. To Zali sai jini ya fara dawo mata tsakiyar wata, daga nan ya zama kwanakin tsarkinta sun fi ƙaranci. In ta bi al'ada, sana'a ta tsaya, kuma da ita ake ciyar da gida a shekarar da amalanke ba ya samun kaya. Sai ta ci gaba da yi, tana ɓoye jinin. Ni na ci daudawarta a watannin nan ban sani ba, kuma wallahi ban ji bambanci ba.

Ba ta zo wurina ba. Daga baya ta ce mini ta ji tsoro, don yanzu kowa ya gane ma'anar ƙwaryar kukata. Ta ga waya ta fi rufin asiri, tunda ba mai ganin fuskarta. Ta tura murya ga wata yarinya a nan Konni mai zauren mata. Yarinyar ta aika mata leda ta hannun direba. Sannan ta ɗauki muryar ta saka a zauren, matan Konni da Malbaza da Illela duk suna ciki, ta rubuta a ƙasa cewa ku ji irin matsalolin da muke magancewa.

A wayar maƙwabciyata na ji. Muna tsintar wake ta ce in saurari wata baiwar Allah. Da kalma ta fari na gane. Muryar nan da ke cika kasuwa ta koma ƙasa-ƙasa, tana faɗin yadda jinin ke zuwa, da tun yaushe, da yadda take jiƙa zane. A ƙarshe ta ce, "Don Allah ƙanwata ki ruhwa min asiri, ni mai daudawa ce, in anka ji na ƙare."

Ko wannan roƙon, yarinyar ba ta yanke shi ba.

Bayan 'yan kwanaki Issufu ya shigo motar safe ya zo gidana. Ya durƙusa a zaure ya kasa gaisuwa, sai cewa ya yi, "Inna, ki taho, ba ta iya tashi." Na bi shi, na sami Zali kwance kan tabarma. Na ja fatar idonta, fari fat kamar auduga. Tafin hannu haka. Tsumman gudaji ne. Na danna ƙasan cibiya na ji abu mai tauri kamar ɗanyar gwanda. Na ce a ba ni ledar. Ban ko ɗanɗana ba, hanci ya gaya mini: jar kanwa, filasko, garahuni. Wannan haɗin na macen da jininta ya maƙale ne, ana ba ta don ya zo. Yarinyar ta ji an ce maganin matsalar al'ada ne, sai ta ƙulla shi leda ɗaya, ta wadda ba ta gani da ta wadda ke gani ba tsayawa. Ta ba macen da ke yini gaban wuta tana ɗanɗanar ruwan toka. Da Zali ta gaya mata jinin ya ƙaru, sai ta ce datti ne ke fita, ta ƙara sha, kuma da alamar namijin dare, akwai turarensa in tana so.

Uwar Issufu ta riƙe wannan maganar. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce ba inda za a kai ta, iska ba ta son allura, in aka taɓa ta da ƙarfe sai gawa. Na ce mata, "Yaya, in iska ce, ta jira mu mu dawo, ba inda za ta. Jinin ga shi ba ya jira." Na gaya wa Issufu gaskiya, cewa wannan ya fi ƙarfin tukunyata, ko Gwaggo ce ta dawo duniya mota za ta nema. Ya dubi uwarsa, ya ce ta yafe masa, ya shiga ya ɗauko matarsa kamar jaririya. Ya shimfiɗa mata bargo a amalanke, ya cire rawaninsa ya yi mata inuwa da shi har bakin kwalta.

A gidan likita aka ce ƙari ne a mahaifa, kuma jininta ya kusa ƙarewa. Na Issufu aka ɗiba aka ƙara mata. Aka yi aiki, aka cire. Ta tashi. Jini ya koma zuwa da lokacinsa.

Na je gidan yarinyar. Na same ta tana ɗaukar hoton sababbin ledoji a kan darduma. Ta tashi da fara'a ta kawo mini ruwa. Na gaya mata abin da ta yi, tun daga kanwa har murya. Ta zaro ido da gaske, ta ce ita ba ta da niyyar cutar kowa, haɗin ma a wurin wata ta saya.

"Kuma Inna, ai ban hwaɗi sunanta ba."

"Muryar fa, ta uban wa ce?"

"To ai na goge tun jiya."

"Daga kunnen wa kinka goge?"

Sai ta ce in ba ta lambar matar ta tura mata haƙuri. Ba muguwa ba ce, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da muguwa ce da na san abin da zan yi da ita. Ba ta san ta yi komai ba. Kafin sati ya zagayo ta fito da sabon haɗi na ƙiba.

Da Zali ta yi ƙarfi ta dafa gurguzu, ta yi daudawa mai kyau, ta yi kwalliya, Issufu ya kai ta kasuwa. Ina nan ranar. Ta ɗaga murya kamar da. Mata suka juyo, suka dubi juna, suka wuce. Wata da ta shekara goma tana saya a wurinta ta tsaya nesa ta ce ashe duk watannin nan ƙazanta ake ciyar da su, ita har ta zubar da sauran da ke tulunta. Zali ta ce ta warke, an yi mata aiki. Matar ta ce wancan karon ma ai ba ta faɗa ba, wa ya san na yanzu. Me Zali za ta yi, ta ɗaga zane a tsakar kasuwa? Da izininta na bi gidaje na shaida cewa lafiyarta lau. Suka ce ai ni aikina ke nan, rufa wa mata. Gaskiya suka faɗa, kuma gaskiyar ce ta kashe shaidata. Kasuwa uku ta je tana dawowa da faifanta cike. Daga nan ba ta ƙara zuwa ba.

Issufu ne ya samo dabara. Yana da ƙanwa a Tsarnawa. Zali na yin daudawa a bayan ɗaki, ya sa a buhu ƙarƙashin harawa ya kai bakin hanya, mota ta kai wa ƙanwar. Ita kuma ta sayar wa 'yan sari, su loda ta su dawo da ita kasuwar Badaguishiri. Ribar ta ragu, don hannu uku ke ci a ciki yanzu, amma ana dafa tuwo a gidan. Zali ba ta zuwa kasuwa. Ko a gida in za ta kira ɗanta daga waje, aike take yi.

Watan jiya na bi ta kasuwar neman bagaruwa. Matar nan da ta zubar da tulunta ta hango ni, ta kira ni da murna, ta kwance bakin zanenta ta ɓantaro mini daudawa.

"Inna Hajo, shinshina wagga. Ta Tsarnawa ce, mai tsabta ka yin ta. Tun da munka rabu da ta Zali miyarmu ta gyaru."

Na san hannun da ya dunƙula ta, har gurbin babban yatsa na gane. Saura kaɗan in gaya mata ta Zali ce. In na faɗa, na huce, gobe kuma buhun ya dawo daga Tsarnawa ba a buɗe ba. Na kai hanci na shinshina a hankali. Na ce mata ta yi kyau, Allah ya yi wa mai yin ta albarka. Ta ce amin.